Abin da Aka Rubuta a Bayan Kati

Ni mai huda ƙasa ne.
Shekara goma sha tara ina bin injin burtsatse,
daga Rikkos zuwa Naraguta, daga Bukur har Zawan,
dutsen Jos ya san muryar ƙarfena.
Kakana Barau ya toni kuza har bayansa ya ranƙwafa,
ramukansa na nan, ruwa ya cika su kore shar.
Gidanmu ba a ce mana wuri ya ƙi buɗuwa.

Sai ga 'yata, daren Laraba, kwananta ɗaya a duniya.
Hansatu ta ba ta nono, ta kama da ƙarfinta,
nonon ya dawo ta hanci,
kumfa a baki kamar ta sabulu,
leɓe ya yi shuɗi.
Muka sake. Ya sake dawowa,
kamar baƙon da ya tarar da gida a kulle.

A Lamingo, sanyin asuba na cizon yatsu,
aka zura mata siririyar roba.
Ta tafi, ta tafi, ta tsaya cak.
Na san wannan tsayuwar.
Haka ƙarfe ke yi in ya ci karo da falalen dutse.

Dakta Kaneng ta juya katinmu, ta rubuta a bayansa:
atirisiya.
Na ce, wannan kuma yaren su wa?
Ta yi murmushin wanda ya kwana a tsaye.
Ta ce tushenta na Girkawan da ne, can ƙetaren teku.
Ta ja layi, ta ɓare kalmar biyu kamar goro:
ɗan guntun farko, a, shi ne babu,
saura kuwa huda ce, huji, ƙofar da aka ɓula.
Babu huda. Iyakarta ke nan.
Hanyar abinci ta sauko, ta tsaya a rabi,
ba ta isa ciki ba.
Wani jaririn hanji ne, wani hanyar matsarmama,
wani kunne, wani mafitar bayan gida,
suna dai ɗaya.

Na daɗe ina kallon katin.
Na zaci sunan cutar zai yi nauyin buhun siminti,
ashe magana ce da nake yi kullum a bakin aiki
in na leƙa na ce wa yarana, bai ɓule ba tukuna.
Ina ji wani mai huda irina ne ya fara furta ta,
mai huda tsakiya ko masassaƙi,
ya ɗaga abu ga rana, haske bai ratsa ba.

Na sa hannu a takarda, baƙin mai a ƙarƙashin farcena.
Suka shige da ita, ko nauyin guduma ba ta kai ba.
Awa huɗu da 'yan mintoci.
Ni da na fasa ƙafa ɗari uku a Dogon Dutse
ban iya buɗe abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.
Na sayi shayi a bakin ƙofa, ya huce a hannuna.
Wata mata daga Mangu, ɗanta na gado na shida,
ta miƙo mini dafaffen dankali, ba ta ce komai ba.

Ran suna babu taro.
Dabino muka raba wa masu jinya,
Malam Sidi ya raɗa mata Fatahiyya ta waya.

Kwana na goma sha shida aka ɗiga mata nono a baki.
Na sa ido a wuyanta
yadda nake sa kunne a bakin bututu.
Maƙogwaro ya motsa sau ɗaya.
Muka jira.
Bai dawo ba.
Hansatu ta toshe bakinta da mayafi.

Jiya kakarta ta zo da allura da baƙin zare,
wai kunnen yarinya ya isa huji.
Na ce, Inna, a bar ta ta huta.

Katin na cikin aljihun motar aiki,
ya sha mai, gefensa ya cinye.
Gobe muna da rijiya a Gada Biyu,
an ce wurin dutse ne.